Jan Ɗigo a Hanyar Tafki

Oula ya leƙa rumfar baburan tafiya kan ƙanƙara da hantsi, ya tarar da wurin Ravna wayam. Sawun babur ɗinta na kan ƙanƙara ya miƙe arewa. Gabansa ya faɗi. Watan Afrilu ne, ƙanƙarar babban tafki ta fara narkewa daga ƙasa, ita kuwa matar nan tasa, shekara arba'in da shida suna tare, ba ta taɓa yarda ta yi zagaye ba muddin akwai yanke.

Ya haye nasa ya tayar. Kwamfutar hannun da ke ɗaure a kan sitiyarin ta kawo haske. Daga sama tana nuna gudu da mai, daga ƙasa taswira. Shuɗin ɗigo shi ne. Ja kuma, can gaba, ga sunanta a jikinsa: Ravna. Ya rasa wa ya ɗaura masa wannan abin, shi da ya yi ƙuruciyarsa yana gane hanya da duwatsu da iska. Amma yau ya gode wa ko wane ne.

A ƙofar shingen bareyi ya tarar da Heikka, maƙwabcinsa, ya riga ya buɗe masa.

"Tsoho, yau ma tsere za a yi? Ina safar hannunka?"

"Matsa ka ba ni wuri. Ravna ta nufi tafki."

Heikka ya tuɓe tasa safar ya miƙa masa, bai ɗago ya dube shi ba. "Bi ɗigon kawai. Kar ka kauce, ka ji ko?"

"Ni za ka koya wa tudun nan? Na girmi ubanka."

Ya murɗa mai ya wuce.

Da ya hau tudu, iska ta taso da garin ƙanƙara. Sama da ƙasa suka haɗe suka zama fari ɗaya, ko ƙarshen babur ɗinsa da ƙyar yake gani. Abin da ya rage masa allon nan kawai. Kilomita uku tsakanin jan ɗigo da bakin tafki. Biyu. Ɗaya da rabi. Ya ƙara mai har babur ɗin ya riƙa tsalle, yana ƙwala mata kira, iska tana mayar masa da muryarsa cikin baki.

Ya san wurin. Inda kogi ke shiga tafkin, ƙanƙarar takan yi duhu-duhu, ta yi laushi, wanda ke gudu ba ya lura sai ya ji ƙasa ta tafi. Bai san dalilin da ya sa yake ganin wurin ƙarara haka ba, har da baƙin ruwa yana motsi. Hawaye suka daskare masa a gashin ido.

Saura mita ɗari biyu, jan ɗigon ya karya dama.

Oula ya saki numfashi, ya bi. Ɗigon ya hau gefen dutse, ya bar tafkin a hagu, ya ci gaba da lanƙwasa. A wani kwari babur ɗin Oula ya kafe cikin dusar ƙanƙara mai laushi. Ya sauka yana tona da hannu, numfashi na neman gagararsa. Da ya waiwayi allon, ya ga ɗigon ya tsaya shi ma. Bai dawo ba, bai kuma tafi ba. Halin Ravna ke nan, in ji shi a ransa, ba ta taɓa son ta kunyata shi da taimako. Yana fita, ɗigon ya motsa.

Haka suka yi ta tafiya, ita a gaba, shi a baya, bai cim mata ba, ba ta kuma ɓace masa ba. Sai da iska ta lafa ya hango hayaƙi, da jan rufin gida. Gidansu.

Tana tsaye a ƙofa tana cire hular kwano. Ya sauko yana tangaɗi, ya kama kafaɗunta.

"Ravna, kashe ni kike so ki yi? Sau nawa zan gaya miki kar ki kusanci tafkin nan a Afrilu?"

"Ka yi haƙuri. Ga ni, na dawo." Ta goge masa ƙanƙarar gira da yatsa. "Shiga ka ji ɗumi, gahawa na kan murhu."

Ya shiga ya zauna bakin taga da kofi da ɗan busasshen naman barewa. Zuciyarsa ta kwanta. Ya hango Heikka ya iso karɓar safarsa, ita kuma tana kwance kwamfutar daga kan babur ɗinsa don ta sa ta caji. Tagar ba ta rufu sosai ba, maganarsu tana shigowa. Oula ya saurara, bai gane wa suke nufi ba, ya ci gaba da kurɓar gahawarsa.

"Yau ya yi gudu da yawa," in ji Heikka. "Wata rana zai riga ki isa. Ki ɓoye makullin nan mana."

"Na ɓoye bara, ya fita da ƙafa. Kai ka tsinto shi."

"To har yaushe, Sunna? Kullum fa."

Ta rungume kwamfutar a ƙirji, ta juya wa tagar baya.

"Har ranar da ya daina nemanta. Gara Baba ya bi ni gida da sunan Mama, da ya bi ta inda tafkin ya haɗiye ta shekara uku ke nan."