Ɗorawar Tsakiyar Gona

Sunan garin ya kuɓuce mini, ɗana, haka ma wanda ya fara ba ni labarin. Wata rana in ce wani majemi ne, wata rana in ce ƙanen mahaifina. Amma abin da ya rage ya isa.

Wani manomi ya wasa gatari zai sare ɗorawar da ke tsakiyar gonarsa, don geron da ke ƙarƙashinta ba ya yin zangarniyar kirki. Matarsa kuwa da kalwar itacen take daddawa. Ba ta yi gardama ba. Da ta kai masa fura, sai ta roƙe shi kafin ya sara ya ba ta labarin gonar nan bayan shekara talatin. Ya yi dariya ya ce ba a tatsuniya da rana. Ta ce ai wannan ba ta faru ba tukuna, dokar ba ta hau kanta ba. Sai ya fara: ga jikansu yana noma, kunyoyi miƙe daga iyaka zuwa iyaka, rumbu uku cike. Ta saurara har rana ta take tsaka a cikin labarin, matar jikan ta iso da ƙwaryar fura. Nan matar manomin ta katse shi.

"To, Maigida, a ina zai zauna ya sha?"

Ya duba gabas da yamma a labarinsa, bai sami inuwa ba. Ya jingine gatarin.

Washegari ita ta ba da nata. Itacen ya bunƙasa, rassa sun rufe rabin gona, ƙamshin daddawa har maƙwabta. Ya ce miya dai ta yi daɗi, amma bai ga tuwo ba. Ta rufe baki tana dariya. Na uku tare suka ƙaga shi, kowa na gyara wa ɗan'uwansa, kuma a cikinsa jikan yana rage rassan ƙasa kowace bazara, ya bar na sama. Wannan suka bi.

Abu ɗaya na tabbatar da idona. Sa'ad da nake da ƙafar tafiya an kai ni gonar. Na ƙirga tabon sara goma sha ɗaya a jikin itacen, duk sun warke, gero kuma ya zo har kusa da gindinsa. A nan aka ba ni fura na sha a zaune.

Shi ya sa Hausawa suka ce, shawara ɗaukar ɗaki.