Injiniya da Layin Dawar da Ta Bushe

Ranar da yayana ya samu takardar ɗaukar aiki a gwamnati, Kawu bai yi masa doguwar nasiha ba. Ya zaunar da shi a kan tabarma, ya ce bari ya ba shi misali ɗaya.

Ya ce an yi wani saurayi da ya karanta injiniyancin man fetur, aka ɗauke shi a hukumar da ke sa ido kan bututun iskar gas. Aka ba shi farar hular kwano da na'urar da ke shinshino gas idan yana tsiyaya, aka yanka masa kilomita talatin na bututun da ke binne a ƙasa, aka ce ya riƙa bin su da ƙafa duk wata. Shi kuwa ya auna rana, ya auna ƙaya, ya ga kwalta ta fi masa. Sai ya tsaya a bakin titi, ya sauke gilashin mota, ya shaƙi iska sau biyu, ya rubuta "lafiya lau", ya sa hannu. Na'urar ko ledarta bai ɓare ba. Hular ce kawai take aiki, don ita yake ɗorawa a gaban mota idan zai je zance wajen wata yarinya, 'yar wani manomi, wadda yake so kamar ya haɗiye ta. Ita ma tana sonsa, har takan ajiye masa fura a inuwar randa.

Da damina ta yi tsakiya, magana ta kai ga sa rana. Uban ya ce kafin nan yana son surukin nasa mai ilmi ya duba masa wani abu a gona. Suka je. Dawa ta yi kore shar, ta fi mutum tsawo, sai wani layi guda da ya bushe ƙamas, miƙe sambal daga wannan iyaka zuwa waccan kamar an ja shi da igiya. Injiniya ya tsuguna, ya murza ƙasa, ya gyara murya, ya ce rashin taki ne. Tsoho ya ce ya zuba taki. Injiniya ya ce to tsutsa ce. Tsoho ya ce bai taɓa ganin tsutsar da ke tafiya a layi kamar soja ba. Duk wannan bayani injiniya yana yin sa ne dafe da wani turken siminti da aka ɗaure akuya a jikinsa. Tsoho ya ce, "Ɗana, ɗaga hannunka ka karanta mini abin da ka dafe." Ya ɗaga. Ga sunan hukumarsa, ga lambar bututunsa, ga gargaɗi da jan fenti. Gas ne yake tsiyaya a ƙarƙashin dawar tun farkon shuka, wata uku ke nan yana sa hannu a kan lafiyarsa.

Tsoho bai yi faɗa ba. Ya ce mutumin da aka ba amanar ƙarfe bai leƙa shi ba, shi bai san yadda zai ba shi amanar mai rai ba. Ba za a sa rana ba sai ya taka kilomita talatin ɗin nan da ƙafarsa. Saurayi ya kai rahoton gaskiya ofis, ya sha wankin babban bargo, aka turo masu gyara. Sannan ya kama hanya. Kwana shida yana ratsa gonaki da fadamu, karnuka suka kore shi sau biyu, ya gano wani wurin kuma da ke tsiyaya a bayan wata makarantar firamare. Ya dawo yana ɗingishi, wuya ya yi baƙi. Yarinyar ta aiko masa da ruwan ɗumi da gishiri ya jiƙa ƙafa, ta ce a gaya masa bai taɓa yi mata kyau kamar yau ba. Aka sa rana bayan girbi.

Kawu ya miƙa wa yayana takardarsa, ya ce, "Ka dai ji. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski."