Farantan Mas'udu

Wata biyar Mas'udu yana neman huji bai samu ba.

Ba zancen wasa ba ne, digirinsa na biyu kacokan a kan huji ya rataya. Ga yadda aikin yake: a zuba wani abu mai kama da kafaffen koko a farantin gilashi, a shuka bakteriya a kai, a ɗiga ruwan kwata da aka tace. Kwana ɗaya cikin ɗumi, bakteriyar ta lulluɓe farantin da farar yana. In akwai bairos mai cin bakteriya a ruwan, sai guda ya shige cikin guda, ya hayayyafa, ya fasa ta, 'ya'yansa su auka wa maƙwabta, har wurin ya zama ɗan fili garau kamar an huda da tsinke. Kowane huji aikin bairos ɗaya ne. Farfesansa ya ce a kawo masa huji kafin ƙarshen wata, in babu kuwa, jami'a ta gode.

Ɗumin ne matsala. Ɗakin gwajin da Mas'udu ke aiki a Ƙanƙara yana da na'urar ɗumamawa, sai dai wutar lantarki ba ta leƙowa sai ta ga dama. Can ya tuna gwaggonsa Dada ta 'Yankara tana da injin ƙyanƙyasar ƙwai mai sola, zafinsa daidai da wanda bakteriya ke so. Dada mai sayar da wake ce, shekara talatin a kasuwa ba a taɓa komo mata da mudu ba. Ya ce ta riƙa ajiye farantan gefen ƙwai, washegari ta aiko da su. Bai yi mata wani bayani ba. Mai digiri ba ya ɓata bakinsa a kan tsohuwa.

Barau direba ke kai kular da ake jera farantan a ciki, shi ke dawo da ita. Faranti ashirin su tafi, sha uku su dawo, wata rana sha biyar. Mas'udu ya san hanyar, ya kuma san tuƙin Barau.

"Gilashi ne fa, Barau, ba buhun masara ba!"

"Malam, ni ko buɗe ta ba ni yi. Ramukan hanya kuma ba ni na gina su ba."

Waɗanda suka tsira kuwa sumul suke dawowa, farar yanar a shimfiɗe baki zuwa baki, ko tabo babu. Ya ɗebo ruwan kwatar mahauta. Ya je har Damari ya ɗebo na tafkin shanu. Ya sake bakteriya, ya sake abin tace ruwa, ya sake direba na mako guda. Sumul. Ya rame har agogonsa ya fara yawo a hannu.

Wata ya ƙare. Takardar farfesa layi biyu ce, na biyun ma gaisuwa ce.

Ranar kasuwa ya tafi 'Yankara ɗauko kularsa. Ya durƙusa ya gaida Dada, ya gaya mata karatu ya watse, ya yi mata godiyar ɗawainiya.

Dada ta ajiye faifai, ta yi salati.

"Ashsha, ɗan nan! Mi ya yi zafi haka? Ni dai Allah shina gani ban ci amanarka ba. Kullum da safe sai na ɗaga su ga rana ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ƙwari suka huda in jefa shi masai, masu kyawun kaɗai nika aiko maka."