Murfin Kabeji

Warin ne ya fara tarar Zdravko, kafin ma ya ga allon.

Ya zo kasuwar tsofaffin kaya ta ranar Lahadi ne neman allon sulun ƙanƙara mai araha, tunda farashin sabo a shagunan birnin Sofiya ya fi kama da zagi. Dusar ƙanƙara ta riga ta rufe dutsen Vitosha, likita kuma ya ce ƙafar ta warke, ko da yake ya faɗa ne kamar mai ba da bashi. Matarsa Tsvetana ta rako shi har bakin kasuwa, sannan ta ce wurin na tayar mata da zuciya. Ta zauna a mota, ta ja hularta har gira.

Allon na jingine tsakanin wani fasasshen masai na tangaran da buhun takalma marasa 'yan'uwa. Ya yi danƙo. Wani abu ruwan toka ya bushe a maɗaurin ƙafa, ganyen kabeji na manne a kai. Zdravko ya juya shi da yatsa biyu, sai ya ga tsagin da ke wutsiya. Ya san tsagin. Ya san bishiyar da ta yi shi, domin ita ce ta karya masa ƙafa bara.

Nasa ne. Wanda aka sace a barandarsu yana kwance a asibiti. Ɓarawo ne mai sha'awar wasanni, da ya hau har saman bene ya bar sabon keke a wurin.

Mai kayan tsoho ne, yana cin burodi da cuku da hannun da yake fyace hanci.

"Kuɗinsa leva arba'in, ɗana. Kaya mai ƙwari. Hunturu guda ya yi yana danne min kabeji mai tsami a ganga, ko lanƙwasa bai yi ba."

Zdravko ya dubi ganyen kabejin da ke manne a allon. A kan wannan allo ya taɓa gangaro dutse yana jin ba mutum ba ne shi, iska ce. Ashe ritayar murfi ke jiran allon.

Can bakin ƙofa wani ɗan sanda na shan kofi. Zdravko ba zai biya ko sisi a kan kayansa ba, kuma yau sai ya ga ɓarawon nan a hannu. Kalma ɗaya kawai yake bukata daga bakin tsohon.

"Baba, ina ka samo shi?"

"Aurensa za ka yi, kake binciken asali?"

"Ka faɗa min nan, ko ka faɗa wa wancan mai kofin."

Tsohon ya lashe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba.

"Ji yaro da barazana! Kyauta aka ba ni, har da ladan ɗauka. Wata baiwar Allah ce, mijinta ya je ya rungumi bishiya, ta ce in raba ta da abin kafin sakaran ya dawo ya ƙarasa ɗaya ƙafar." Ya leƙa ta bayan kafaɗar Zdravko, fuskarsa ta washe, ya ɗaga hannun nan mai maiƙo. "Kai, ga ta ma can a mota, mai hular nan! Sannu, uwar ɗakina! Ya mai jiki?"