Fentin da Ba Ya Riƙe Baki

Shekara tara ke nan da hukuma ta canza fenti. Na yanzu yana kama komai, ido da hanci da hula, amma in ka zana bakin mutum, kafin gari ya waye ya goge kansa. Sallau mai zanen bayan motoci har ya saba. Duk fuskar da ke jikin motocin tasha sumul take daga hanci zuwa haɓa.

Ran Talata da hantsi wata tsohuwa, Iya Tasalla, ta shigo rumfarsa. Sai da ta waiga hagu da dama, sannan ta zaro ɗan gwangwani daga ƙarƙashin mayafi. Jan fenti ne, irin na da.

"Malam, ɗana mawaƙi ne. Tun da 'yan hukuma suka tafi da shi ban sake jin ɗuriyarsa ba. Zana min shi yana waƙa."

"Iya, kin san hukuncin wannan gwangwanin kuwa?"

"Na sani. Me ya rage su ɗauka?"

Sallau ya saki labulen buhu. Tana kwatantawa yana zanawa, faffaɗan goshi, bille a kumatun hagu, har ta ce shi ne sak. Ya tsoma buroshi cikin jan fentin, ya kai ƙasan hanci, sai hannunsa ya tsaya cak. Ba tsoro ba ne. Ya lalubi yadda leɓe yake lanƙwasa a ƙwaƙwalwarsa, ya rasa.

"Iya," ya ce, "ɗan buɗe bakinki in gani."