Wayar da Ba Ta Jin Raɗa

Ranar Talata aka ja mana sabuwar wayar tarho da ke kai murya ta hanyar haske, mai haɗiye raunanan walƙiya ta bar masu ƙarfi su wuce. Tun daga ranar, wanda bai yi ihu ba, ba a jinsa.

Yau na mayar wa kamfanin wayar da tawa.

"Baba, lafiyarta ƙalau," in ji ma'aikaciyar. "Murya kawai za ka ɗaga."

"'Yata, shekara arba'in ban ɗaga wa matata Dije murya ba. Sai ranar da take kan gadon mutuwa a asibiti zan fara, don injinku?"

A ranar, sau uku Dije ta tambaya a wayar, "Malam, kana nan?" Ina nan. Cewa nake, a hankali, ki yafe mini.