Batirin da Bai Cika Ba

Muttaka ya jira har sauran suka gangara bakin ruwa yin alwala, sannan ya durƙusa gaban faifan solar Zaharaddeen. Bai zare wayar cajin gaba ɗaya ba. Ya dai ja ta kaɗan, yadda mai kallo zai ɗauka tana ciki, ya karkaɗe gwiwarsa ya bi su.

Kwanaki ke nan suna tafe a ƙasa cikin fadamar Haɗeja, inda ko babur ba ya shiga. Ƙungiyar manoman shinkafa ce ta turo su neman makwancin jan-baki, tsuntsayen nan da ke sauka a gona kamar hadari, su tashi su bar wa mai ita kara. Makwancin yana can cikin kacala, doguwar ciyawar da ta cinye bakin kogi, kuma ba a gano shi sai daga sama. Shi ya sa aka ba su biyun ƙananan jirage marasa matuƙi masu ɗaukar hoto, aka haɗa su da Malam Fannami, jami'in gona na ƙungiyar.

Wutar lantarki kuwa tun a garin ƙarshe suka yi sallama da ita. Rana ce madogararsu. In ta take sai su yada zango, a shimfiɗa faifan sola, a jona batura, a rufe su da zane saboda zafi.

Muttaka ne ya fara ɗora yatsun Zaharaddeen a kan rimot, lokacin da ko tashin jirgin tsoro yake ba shi. Amma da aka zo rabon kaya, sabon faifai Zaharaddeen aka miƙa wa. A rugage da ƙauyukan masunta shi ake nunawa ana cewa ga mai jirgi, Muttaka kuwa sai a tambaye shi ko shi ne mai ɗaukar kaya. Ga shi ana raɗe-raɗin mutum ɗaya ƙungiyar za ta riƙe bayan kaka.

Ranar da suka tsallaka kogi, tsohon faifan Muttaka ya bugu da gefen kwalekwale ya tsage. Zaharaddeen ya jima yana duba tsagar, sannan ya ce daga yau shimfiɗawa da kwashewa a bar masa, Yaya ya huta. Muttaka bai ji komai a maganar ba sai tausayi, irin wanda mai sabon abu kan nuna wa mai tsoho. Washegari ya fara jan wayar.

Yakan mayar da ita kafin a kwashe, kuma abin ya fara ci. Jirgin Zaharaddeen, da a da yake daɗewa a sama, ya koma tashi kaɗan ya sauko. Muttaka ya sha ganin Zaharaddeen yana goge faifan da hannun riga, yana juya shi wajen rana, fuska a haɗe. Sai Muttaka ya kawar da kai don kada a ga murmushin da ke bakinsa. Nasa baturan ma ba sa cika, amma wannan bai ba shi mamaki ba. Me ake tsammani daga tsagaggen faifai?

Abin da ya fi ci masa rai shi ne Malam Fannami bai ga gazawa ba. Cewa ya yi yaron ya iya tattali, a ɗan tashin da yake yi yana kawo hoton da ake buƙata.

Da la'asar sakaliya suka iso wani tudu da ke kallon kacala iya ganin ido. Can nesa jan-baki suka fara dawowa, layi bayan layi, kamar hayaƙin gobarar daji. Muttaka ya ciro batir daga jakarsa, ya ga bai kai rabi ba. Ya saka shi.

"Yaya, bari sai gobe mu kama su wajen tashi," in ji Zaharaddeen. "Wannan ba zai kai ka ya dawo da kai ba."

Muttaka ya san goben: sabon faifai, cikakken batir, sunan wani a bakin manoma. Ya tayar da jirgin.

Ya bi tsuntsayen har ya soma hango inda suke nutsewa cikin ciyawa. Rimot ya yi ƙarar gargaɗin batir, Muttaka ya ƙi juyowa. Rimot ya sake yi, Muttaka ya ce saura kaɗan. Da ya juyo, iska ta tare shi. A kan allo ya ga kacala tana tasowa, ya ga ruwa, sai allon ya yi baƙi.

Malam Fannami bai ɗaga murya ba. A hankali ya ce jirgin na manoma ne, shinkafarsu kuma ta kusa nuna, ya tambaya wane irin matuƙi ne zai bar batirinsa ba caji ya tashi da shi. Muttaka ya buɗe baki zai ambaci tsagar faifansa, sai Zaharaddeen ya shiga tsakani, idonsa ya kaɗa.

"Malam, kada ka ga laifin Yaya, a wajena matsalar take. Tun ranar da faifansa ya tsage, baturan da na caja a nawa su nake zuba masa a jaka, ni in ɗauki nasa. Wallahi ban san abin da ya sami faifan nawa ba da ya daina cika su."